Walat Ɗin Bogi da Mai Amalanke

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya ranar Juma'ar da ta wuce, ni da wani abokina, za mu sayo hatsin shekara a wani ƙauye gaba da Zakirai. Ni dai kun san ni da tsoron 'yan sane, tunda an taɓa yanke min aljihu. Don haka na yi shirina. Kuɗin hatsi na cikin aljihun da maiɗakina ta ɗinka min a cikin 'yar shara. A aljihun gefe kuma na saka tsohon walat, na cika shi dam da jaridar da na yayyanka daidai girman kuɗi, na ɗora 'yar ɗari biyu a sama. In ɓarawo ya zara, ya je can ya karanta labarai.

Motar tamu irin wadda sai an tura take tashi ce, amma direban na cika baki kamar jirgi yake tuƙawa. Muna wuce Gezawa gari ya waye sosai. Gona na manne da gona, ba ka ganin ƙasar da aka bari a banza, an girbe gero an jera dammuna, dawa kuma ta sunkuyar da kai. A Zakirai muka karya da koko da ƙosai mai zafi, sannan muka hau babur zuwa ƙauyen.

Hatsi ya yi sauƙi bana, alhamdu lillahi, ko da yake wake har yanzu yana ji da kansa. Muka auna abin da ya samu. Wani dattijo mai amalanken shanu, wanda kowa ke ba wa amanar kayansa, ya kwaso mana buhunan daga gidan manomin da ya sayar mana zuwa bakin masallaci, mu ma muka ɗare sama. Ashe a nan walat ɗin ya sulale, ban sani ba.

Bayan an idar da Juma'a sai liman ya ce a dakata, akwai cigiya. Mai amalanke ya tsinci walat ya kawo. Liman ya buɗe don ya san abin da zai tambayi mai shi, sai ga yankakkiyar jarida ta zubo a gaban sahun farko. Nan take aka fara guna-guni. Na ji wani a bayana yana cewa, “Wa zai yi yawo da takarda a walat? Kwashewa ya yi ya cusa wannan.” Dattijon nan ya miƙe yana rantsuwa, ba mai saurarensa. In wannan magana ta zauna, ba wanda zai ƙara ɗora masa ko buhun ƙaiƙayi, kuma da amalanken nan yake ci da iyalinsa.

Abokina ya mintsine ni, ya ce, “Kai, yi shiru mu fice, wa ya san naka ne?” Wallahi na so in bi shawararsa. Ina baƙo, da wane ido zan ce wa mutanen gari na shigo musu da shirin ɓarayi? Amma tausayin mutumin ya hana ni zama. Na tashi na ce, “Allah gafarta malam, nawa ne. Ni na yanka takardun da hannuna. Akwai tsohon katin layin waya a bayan ɗari biyun, a duba.” Aka duba aka gani. Na yi bayanin dabarar tawa tun daga farko, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai wani tsoho ya ƙyalƙyale da dariya, jama'a suka ɗauka. Wanda ya yi maganar kwashewa ya je ya riƙe hannun dattijon yana neman gafara. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, “Alhaji, in za ka ɗana wa ɓarawo tarko, ka riƙa tunawa ba ɓarawo kaɗai ke tsintuwa ba.”

Na ba shi tukwici, ya ƙi karɓa. Sai na roƙe shi a gaban kowa ya kai mana buhunan bakin titi shi kaɗai, mu za mu tsaya cin abinci. Wannan kam ya karɓa, har fuskarsa ta saki. Muka ci tuwon sabon gero da miyar kuɓewa ɗanya a gidan manomin, da muka fito titi muka tarar da shi zaune kan kayanmu yana jira.

Mun shigo Kano dab da magariba lafiya lau. Ban fasa yawo da walat na biyu ba, hattara ba laifi ba ce. Sai dai yanzu 'yan canji na gaskiya nake sawa, na daina yanka jarida. Na yi shirin ɓarawo tsaf, ban yi shirin mutumin kirki ba, kuma shi na haɗu da shi.