Baba Habila da Raƙumin Dawa

Duk mai bi ta garejin bayan tasha a Malumfashi da sassafe ya san Baba Habila, ko da bai san sunansa ba. Shi ne makanikin garejin, dattijon nan mai tsohon keke, wanda kafin ya gaida kowa sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin wata mota ya ga ko ta ɗigar da mai. Motar ita ce Raƙumin Dawa, mai dogon hannu da guga a ƙarshensa, wadda ake ɗaga mutum da ita ya sare rassan da suka hau wayar lantarki. Sai ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, ya dangwali man tanki ya murza a yatsa, ya shinshina, sannan ya ce maka ina kwana. Direbobi kam ya ishe su, ba sa ma ɓoyewa.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma na ji ko lemo ba wanda ya shirya saya masa. Abin ya ƙona mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni Lauratu ce, malamar firamare, kuma maigidana Malam Aƙilu shi ne ke shiga gugan nan.

A daminar 1984 man haidurolik, wato man da ke ɗaga hannun motar, ya yi wuyar samu. Baba Habila ya tafi Kafur zaman makokin wansa. Direban motar, Maiwada, ya ga mai ya ja baya a tanki, sai dabara ta faɗo masa. Tunda ƙasarmu ƙasar auduga ce, ya samo man angurya daga Funtua ya riƙa ɗurawa. Wai mai ai mai ne! Allah Ya raba mu da gwanin da ba a aike shi ba.

Ran nan suka je sassabe wata tsamiya a hanyar Kafur. Guga ya kai Malam ƙololuwa, sai mota ta yi gurnani, hannu ya ƙage. Ba sama, ba ƙasa. Ga waya dab da shi, ga hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kaɗa wayar tana matso ta. Da labari ya iso ni makaranta, ban san sa'ad da na haye bayan babur ba.

Abin da na tarar ya fi ƙarfin haƙurina. Mutane sun yi dafifi, kowa ya zama masani. Wasu na cewa mutanen ɓoye ne suka riƙe motar, dama wa ya ce a taɓa tsamiya ba a nemi izini ba? Har an tura a kawo garwashi da turare. Maiwada kuwa, da yake ya san abin da ya shuka, ya fi kowa gyaɗa kai. Wani kuma ya ba shi shawara ya kwance babban tiyo, mai ya zube, hannu ya sauko da kansa. Ya riga ya ɗora sifana sai ga Baba Habila da aka ɗauko daga gidan makoki.

"Kai Maiwada, ɗauke hannunka! So kake ka kwaso shi a tabarma?"

Ya buɗe tanki, kumfa ta taso, ya kai hanci. Ya dubi Maiwada tun daga sama har ƙasa.

"Ƙosai kake soyawa a motar nan?"

"Baba, tsamiyar ce..."

"Tsamiyar ce ta je Funtua ta sayo man angurya? Matsa mini."

Ya ɗaga kai ya ce, "Aƙilu, tsuguna cikin gugan, kada ka taɓa komai." Ya juyo gare ni. "Ke kuma 'yata, koma gefe ki yi addu'arki, ni ma ina yin tawa."

Ya hau bayan motar ya kama wani ɗan noti a gindin hannun, ya riƙa sassauta shi kaɗan-kaɗan don man ya fita a hankali, yana kasa kunne. Ruwa ya kece. Mutane na ta ihun ya yi sauri, ni ma wallahi har da ni, ko waiwayo bai yi ba. Hannun ya riƙa saukowa kamar tsohuwa na neman wurin zama, har ƙafar Malam ta taɓa ƙasa. Masu turare suka watse suna cewa turare ya yi aiki, kuma har yau akwai masu rantsuwa a kan haka.

Baba Habila, kai ne mai hana ruwa gudu, in ji direbobi. Kai ne ka wanke tankin nan tas, ka canza matacin mai da duk robar da ta kumbura, ka hana mota fita har aka samo man ƙwarai, ana zaginka a bayan ido kana ji. Gaba salamun, baya mugu, haka suka yi maka, ba ka fasa ba.

Ran da aka gama gyaran na je yi masa godiya, na tarar da shi a cikin guga can sama, ya ƙanƙame ƙarfe, idanu a rufe. Matarsa Mama Rahab ta kawo masa abinci tana tsaye tana tsaki. Ta ce mini, "Mutumin nan ko kan rumbu ba ya iya hawa, jiri yake gani. Amma tun zuwan motar nan, duk gyaran da ya yi sai ya fara shiga da kansa. Wai ba zai aika ɗan wani inda bai aika kansa ba."

Ya sauko yana layi, ya zauna a kan taya, ya ce wa Malam da ke tsaye yana jira, "To, yanzu kana iya shiga."

Mun gode, Baba. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu gadon sifanarsa, in kun ɗaure noti kun ce ya ɗauru, ku fara shiga gugan. 'Ya'yana suna da uba yau saboda wani ya yi hakan.