Hannun Hagun Jibo

A Funtua in ka ce Jibo za a tambaye ka wanne, amma in ka ce Jibo Bahago, ko mai shayin bakin tasha zai kwatanta maka gidansa. Manomin masara ne, ga tumbi ya fara leƙowa, ga dariya a baki ko da yaushe. Yana yaro, hannun nan na hagu ba ƙaramin ranƙwashi ya jawo masa ba a gaban kwanon tuwo. Sai da ya shiga sakandare, wani malamin wasanni ya damƙa masa raket a filin tanis na siminti da ke bayan makaranta, sannan aka gane abin da Allah ya ajiye a hannun.

Jibo bai san wahalar koyo ba. Gani ɗaya yake yi wa bugu ya ɗauke. Ƙwallonsa in ta dira sai ta karkace ta canja hanya, abokin karawa ya kai wa iska duka. Ya cinye na Malumfashi, ya cinye na Katsina, har aka kira shi sansanin horo a Kaduna, inda ake tace waɗanda za su mai da wasan sana'a.

Nan fa aka yi ta. Koci ya ce a fita gudu da sassafe, Jibo ya ce shi ƙwallo ya zo bugawa, kuma ba wanda ya biyo shi balle ya gudu. Aka ce a maimaita bugu ɗaya har yamma, ya ce ai tun jiya ya iya. Yaran da yake lallasawa yana hamma suka yi ta zuba gumi, kafin damina ta fita sun fara cin sa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya tattara kayansa ya ce zai je ya taya mahaifinsa girbi ya dawo. Girbin nan har yau ba a gama shi ba.

Yanzu ba kofin da bai ɗauka ba ne ke damun sa. Matarsa ce, Sabuwa, 'yar Maska, wadda ya aura bayan ya rataye raket. Ba ta taɓa ganin yana wasa ba, kuma ba ta yarda ya iya ba. Da zarar ya fara "lokacin da nake Kaduna", sai ta ce, "To zakaran duniya, a miƙo mini murfin tukunyar can." Yakan yi dariya, amma a ransa ba abin da yake so kamar matar nan ta gaskata shi ko sau ɗaya.

Filin tanis ɗin kuwa ya daɗe da zama wurin shanya. Bara da kaka Jibo na can yana juya masararsa, Sabuwa ta kawo masa fura, sai ga sabon malamin wasanni, wani saurayi Abdussamad, ɗauke da raga da raket biyu, yana roƙon a ɗan matsar masa da hatsin. Jibo ya share filin da kansa, bisa sharaɗin a ba shi raket ɗaya.

Ya tuɓe takalmi, ya naɗe hannun riga. Bugun farko ya aika ƙwallo cikin barkonon wata tsohuwa, Sabuwa ta toshe baki da mayafi. Daga nan hannun ya farka. Ƙwallo ta koma karkacewarta, saurayin nan ya yi ta zarya daga kusurwa zuwa kusurwa yana salati, Jibo kuwa ko taku biyu ba ya yi. Ba a jima ba numfashin Jibo ya ƙare, kafaɗa ta riƙe, ya zube a kan buhu yana haki yana murmushi.

Ya waiwayi Sabuwa, yana jiran yabo. Ba ta dariya. Idanunta sun kawo ruwa.

"Ashe da gaske ne," ta ce. Ta daɗe tana kallon sa. "Baban Bushra, Allah ya ba ka wannan, ka ajiye shi ka dawo?"

Murmushin ya gushe. Shekara da shekaru yana neman ta yarda, bai taɓa zaton yardar za ta yi masa nauyi haka ba. Ya sunkuyar da kai, ya jingine raket ɗin da buhu.

"Da kin ci gaba da tsokanar, Sabuwa," ya ce a hankali. "Ta fi sauƙi."