Ranar da Inna Ta Bi Bayana da Tukwane

Da girbin bana Inna ta cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Tambai sunanta, ginin tukwane sana'arta. Ni ce 'yarta ta fari, kuma sai yanzu bakina ya iya faɗin abin da na yi mata.

Matan garinmu ne suke tayar mini da zancen kullum. Duk wadda za ta aurar da 'ya, ko turminta ya tsage, ƙofata take nufa: "Iya Dela, ina ake samun kaya masu ƙwari da araha?" Ni kuwa sai in gyara zama in yi ta zuba. Kada ku wahalar da jakinku zuwa birni, na can daga nan suke sarowa su ɗora nasu. Turmi da taɓarya ku je Kunci wurin masassaƙa, ku nemi na icen ƙirya, ku ɗaga ku ji nauyinsa. Ƙwarya da ludayi ku bari sai bayan kaka. Tukunya kuwa sai Ɗambatta ranar kasuwa. Ku wuce na bakin hanya masu jan ƙyalli, ku je can baya gindin tsamiya. Ku ƙwanƙwasa da yatsa, in ta amsa da ƙara ta gasu, in muryarta ta dushe ku bar musu abinsu. Sai su tashi suna cewa Iya Dela ta san kaya. Wallahi ban san komai ba, na Inna ne duka.

Kun san al'adarmu da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane. Ana yaye ni aka ba gwaggona riƙona a Zakirai, a ɗakinta kuma aka ɗauke ni aure zuwa gidan fatake. Inna sai da kaka nake ganinta, tana tattaka yumɓu, ni ina gefe ina kallo. In za ta koya mini abu, sai ta juya ta faɗa wa ƙanwata Lami da ƙarfi, don in ji.

Gidan mijina gidan tasa ne da turare, na shiga na ɗauki kaina wata tsiya. Ina da ɗa guda a baya sai yayar mijina, Yaya Hadiza, ta zo daga birni. Tun kafin aurena aka kai ta can, ba ta san dangina ba. Za ta aurar da 'yarta, ta ce in raka ta kasuwar Ɗambatta tunda ni 'yar ƙasa ce. Muka sayi akusa, muka sayi faifai da muciya. Da aka zo kan tukwane na yi ta jan ta bakin hanya, ina yabon kayan da na san ba za su ga damina biyu ba. Ina! Idonta ya riga ya hango baƙaƙen tukwanen gindin tsamiya.

Inna ce zaune a wurin, ƙafa duk faso, zane ɗaya a ƙirji. Ta gan ni ta sunkuyar da kai, kamar yadda ya kamace ta. Yaya Hadiza ta dube ni ta ce, "Dela, kin san tsohuwar nan? Kayanta na da kyau?"

Na ce, "Ina dai ganinta a kasuwa."

Kunya an ɗora wa uwa ne, ba a ce 'ya ta yi musun uwarta ba. Na san Inna ba za ta iya buɗe baki ta ce tata ce ni ba, shi ya sa na samu bakin faɗin haka. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Inna ba ta ɗago ba. Ta karɓe tukunyar da Yaya ta zaɓa, ta ce wannan wuta ba ta ratsa ta ba, ta jawo wata daga ƙasa. Da aka gama ciniki Yaya ta ce, "To, tsohuwa, kai mana wurin jakinmu." Inna ta naɗa gammo ta ɗora. Muna gaba, tana biye da mu, tun daga tsamiya har bakin kasuwa. Ina jin numfashinta a bayana, ban waiwaya ba. Muna isa na ce na manta gishiri, na gudu.

Inna ta yi shekara tara a duniya bayan wannan. Na je gida ya fi a ƙirga, da goro da zane. In na shiga sai ta kawar da kai, ta ce wa Lami a ba baƙuwa ruwa. Haka take yi tun ina yarinya, amma daga ranar nan na kasa gane ko al'ada ce ko ciwo. Sau nawa na shirya maganar a hanya, in na zauna sai ta maƙale. Ina ta sai wani zuwan, har aka aiko mini ta cika.

Da za ta ga kasuwar yau, da ta yi dariyarta ta gefen baki. Yara sun raina ƙasa, kowa tasa yake so, sai tuwo ya kama su dawo neman tukunya. Lami ce a gindin tsamiyar yanzu, hannun kuma bai canja ba. Gida nawa ake tuƙa tuwo a ginin Inna tsakanin Ɗambatta da Kunci, Allah kaɗai ya sani, akasarinsu ko sunanta ba su taɓa ji ba.

Watan jiya Yaya Hadiza ta zo, da sanda yanzu, za ta yi wa jikarta kaya. Ta ce, "Tsohuwar nan mai tukwane tana nan kuwa?"

Na ce, "Ta rasu, Yaya. Uwata ce."

Ta ce, "Na sani, Dela. Da na waiwaya na gan ku, tafiyarku ɗaya. Kina tafiya neman gishirinki na tambaye ta ko ke 'yarta ce, ta kawar da kai. Na rasa inda zan sa kaina, ni da na ɗora mata kaya. Da za ta juya sai ta ce, 'Don Allah kada ki yi mata faɗa, yarinya ce.'"

Allah ya ji ƙanki, Inna. Shekara ashirin ina tsoron kin tafi da fushina, ashe tun kafin ki kwance gammon kin riga kin roƙa mini.