Hatsin da Ban Shiƙe Ba

Jiya maƙwabciyata tana shiƙa a bayan katanga, iska ta kwaso ƙaiƙayi ta zuba mini a wuya. Ina cikin susa sai ga ƙwalla, don ƙaiƙayin nan ya mayar da ni gidan kakata a gefen garin Dakoro, lokacin ina aji huɗu a lakwal.

Kaka tana da wata ƙawa Bafillatana. Duk rani danginta sukan sauka kusa da wata rijiya yamma da gari. Da hantsi takan shigo da ƙwarya a ka, ta zauna a inuwar aduwar tsakar gidanmu. Ba sa ciniki. Ƙoƙon nono, ƙoƙon hatsi, shi ke nan. Kuma matar nan ba ta taɓa duba abin da aka auna mata. Bakin jakarta kawai take buɗewa, hankalinta na kan hira.

A ƙarshen wata bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas, makiyaya na shirin komawa arewa. Kaka ta sa ni in shiƙe hatsi mai yawa, guzurin ƙawarta. Ga zafi, ga ƙaiƙayi na cin jiki, ga tafin ƙawayena ina jiyowa a waje. Sai na shiƙe kaɗan, na zuba wanda ban taɓa ba a ƙasan ƙwarya, na rufe shi da mai kyau. Ni da kaina na juye mata a jaka. Ta shafa kaina ta ce, “Allah shi yi miki albarka, jikar ƙawata.”

Kwana biyu abin na damuna. A na uku na faɗa wa Kaka, ina jiran duka. Ta ajiye carbinta ta ce:

“Ke ɗiyar nan, kin san mi ya sa ba ta dubawa?”

Na girgiza kai.

“Shekaru na yi ina gyara mata hatsi kahin ta bar dubawa. Tashi ki ɗauko faifai.”

Na shiƙe wani a gabanta har sai da ya yi tas, na ɗora a ka. Ta biyo ni da sandarta, ga ciwon gwiwa, muna tafe tana hutawa. An yi ruwan fari a jajibirin ranar, ƙasa sai ƙamshi. Duk hanya ina ta maimaita abin da zan ce.

Da muka isa, ba kowa. Toka, kashin shanu, da sawun da ya miƙe wajen Tagriss. Kaka ta zauna a ƙasa tana mayar da numfashi. Can ta ce, “To, sai baɗi in da rai. Ki adana maganarki, da bakinki za ki gaya mata.”

Baɗi ba su sauka a wurin ba. Shekarar da ta biyo, Allah ya karɓi Kaka.

Yanzu madarar gari muke saye a butiki, kuma duk mai sayen hatsi sai ya cusa hannu har ƙasan buhu. Ban ga laifin kowa ba, ni ma haka nake yi. Abin da na ɗora wa kaina dai shi ne in fara da ɓangaren aikin da ido ba ya kai wa: gindin tukunya, bayan randa, sallar da ba mai ganina. Ba kullum nake cin nasara ba, wallahi, ƙiwa ba ta tsufa.

Ranar kasuwa, in na ga tsofaffin Fulani mata zaune da ƙorensu, nakan rage tafiya ina duban fuskoki. Na san da wuya tana raye, ko tana raye ma ba lalle in gane ta ba. Amma maganar tana nan, na adana ta kamar yadda aka ce mini, ban sami mai ita ba.