Filin da muka ajiye saboda ranar ciwo

Jiya dillali ya yi sallama, ina cikin takaba. Wai an samu mai sayen filinmu na hanyar Guri.

Mijina, Allah ya jiƙansa, ya saye shi ne yana cewa ko ciwo ya zo, fili zai tsaya mana. Da damina muka nemi kuɗin wankin ƙodarsa, ruwa ya shanye filin, duk wanda ya gani sai ya juya.

Daga bayan labule na ce, "Malam Sale, sai yanzu?"

Ya ce, "Hajiya, ai ruwa ya janye, har ya yi tsada."

In na sayar, wa zan kai asibiti? In na bar shi, ciwon wa nake jira? Don Allah ku faɗa min.