Malamar da ta koya wa aji ɗaya jira

Ranar Laraba, tara ga wannan wata, ina kwance a ƙarƙashin wata mota a garejina sai matata ta bugo waya ta ce Malamar aji ɗaya ta makarantar 'yarmu ta rasu da safe, bayan gajeriyar jinya. Na fito na zauna a kan taya, sifana a hannu, na rasa inda zan ajiye ta. Dukanmu na Allah ne, wurinsa kuma muka nufa.

Malama, ni ba mai saurin yabo ba ne. Iyakata sakandare, da akwatin sifana ɗaya na fara a gindin bishiya, yau kuwa motoci layi suke yi a ƙofata. Abin da ya gagari hannuna kaɗan ne. Amma abin da kika kwance wa autata, har yau ban san da wane makulli kika kwance shi ba.

Auta tana da in'ina. Kalma sai ta maƙale mata, ta runtse ido, ta riƙa buga ƙafa. A gida duk mai tausayi sai ya ƙarasa mata, har ta daina fara magana. A ajinki kuwa doka ɗaya ce: ba a ƙarasa wa kowa magana. In yaro ya tsaya, sai kowa ya ɗora hannu biyu a gwiwa ya jira. Ba ki taɓa cewa don Auta ba ne. Ko mai ƙirga marafan kwalba ya manta abin da ke bin bakwai, haka za a jira shi.

Da bikin ƙarshen shekara ya matso, kika ce ita za ta yi wa iyaye maraba. Hedimasta, da kyakkyawar niyya, ya ce a ba ta riƙon furanni, kada a yi mata dariya. Na zo da zafina, don in ba za ta yi magana ba gara in cire ta daga makarantar. Kika jawo mini kujerar yara, na zauna gwiwoyina har haɓa.

"Baban Auta," kika ce, "motar da ta ƙi tashi da safe, me kuke yi mata?"

Na ce, "Turawa muke yi, Malama."

Kika yi dariya. "To wannan ba a tura ta. Za ta yi. Kai dai ka zo."

Ranar, zauren ya cika maƙil. Auta ta hau dandamali ta ce, "Iyayenmu, muna yi muku ba… ba…" Ta tsaya. Wani a bayana ya fara raɗa mata. Sai na ga 'yan aji ɗaya, a kan bencinansu, sun ɗora hannu a gwiwa gaba ɗaya, ba wanda ya umarce su. Iyaye suka gani, sahu bayan sahu suka yi haka, har da Hedimasta. Ƙarar fanka kaɗai ake ji. Can sai ga kalmar ta fito: "Barka da zuwa!" Ni da ban zubar da hawaye ba ranar da gobara ta cinye rumfata ta farko, ranar na zubar.

Da muka je gaisuwa, Auta, wadda yanzu take aji biyar, ta durƙusa gaban mahaifiyarki ta ce, "Kaka, Allah ya ji… ji…" Tsohuwa ta buɗe baki za ta taimake ta, sai ta ga ɗalibanki da suka cika tsakar gida, ƙanana da waɗanda suka girma, kowa hannu a gwiwa. Ta rufe bakinta ta jira, har Auta ta ƙarasa da kanta: "Allah ya jiƙan Malama."

Amin. Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya ba mahaifiyarki da maigidanki da 'ya'yanki haƙurin wannan rashi. Ke da kika jira 'ya'yan mutane ba gajiya, Allah kada ya bar ki kina jira a ƙofar Aljanna.