Kwanukan Ƙofar Kawu

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma ban taɓa saninsa yana gani ba. Ciwon ido ya kama shi yana magidanci, aka yi ta ɗiga magani na asibiti da na gargajiya har hasken ya tafi gaba ɗaya. Matarsa ta rasu ba su samu haihuwa ba, bai kuma sake aure ba. Sai ya dawo shagon ƙofar gidan kakanmu, a wani ƙauye da ke kusa da Jahun, ya zauna yana tufkar igiya da kaba. Ran kasuwa a kai masa, a sayar, a kawo masa abin goro. Bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma wanda duk ya kuskura ya jefa masa kwabo da sunan sadaka zai ji abin da bai shirya ji ba.

Ina yarinya, kafin a zo ƙaddamar da shari'a, ƙofar shagon nan ita ce wurin ciyayyar unguwarmu. Da an idar da sallar magariba, magidanta kowa zai sa a fito masa da tuwonsa, a haɗu a ci tare. Tunda Kawu ba ya iya bin mutane, sai mutane suka biyo shi. Shi ke shimfiɗa babbar tabarma, shi ke cika buta don wanke hannu. Kwanuka uku ne nasa na kansa: daga gidanmu, daga gidan ƙanensa, da kuma daga gidan wani maƙwabci da suka yi kiwo tare suna yara. Bai fi ya ci loma kaɗan daga kowanne ba, sauran ya tura wa jama'a yana cewa, “Bismillah, ku matso.”

Kowane kwano ya san shi tun kafin a dire. Na gidan ƙanensa wata tsohuwar langa ce mai lotsattsen murfi, tun daga bakin lungu ake jin ƙararta, ƙwal-ƙwal, kamar akuya mai ƙararrawa. Yana ji zai gyara zama ya ce, “Ga amarya nan tafe da kiɗanta.” In ya ɗanɗana miya kuwa babu wadda yake ragawa. Ya ce yau an yi rowar daddawa, ko ya ce wannan kukar tun ta bara ce. Maza su yi ta dariya, labari ya shiga cikin gidaje, gobe sai ka ga an ƙara man shanu don a rufe masa baki. Ni yakan kira ni Uwata, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Na yi aure aka kai ni Dutse. Bayan 'yan shekaru Inna ta rasu, kwanon gidanmu ya tsaya, saura biyu. Ana nan sai gwamnatin jiha ta fito da tsarin biyan nakasassu kuɗi duk wata, da sharaɗin su bar bara. Aka zo ƙauye aka duba mutane, aka sa Kawu a ciki.

Ranar biyan farko na je na raka shi sakatariyar ƙaramar hukuma. Ya sa rigarsa ta Salla, ya shafa turare, ɗan acaɓa ya ɗauke mu. Ƙarƙashin itatuwan darbejiya jama'a ce maƙil: guragu a kan kekunansu na hannu, kutare, makafi, kurame suna ta hira da hannu. Aka daɗe ana jira, rana ta take, sannan aka kira shi ya dangwala yatsa. A hanyar dawowa ya sa muka tsaya kasuwa. Ya sayi nama, ya sayi goro, ya sayi sabulu ya ce a raba wa matan da ke tuƙa masa tuwo. Ban taɓa ganin farin ciki a fuskarsa irin na ranar ba. Ya ce da ni, “Uwata, yau dai ni ma na aika cikin gida da wani abu.”

Wannan sabulun ne ya ja masa, in kun tambaye ni. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a daina kai masa abinci. Damina ce ta zo ba ta yi kyau ba, gero ya yi tsada, sai magana ta fara yawo a bakin rijiya cewa ai Kawu yanzu mai albashi ne. Kwanon maƙwabci ya koma zuwa jefi-jefi, daga nan ya ɗauke. Langar gidan ƙanensa ta ɗan ƙara jimawa, ita ma ta yi shiru. Su kuma mazan, da yake kunya ba za ta bar mutum ya zauna ƙofar wanda ya yanke wa kwano yana cin nasa ba, sai suka janye ɗaya bayan ɗaya, suka mayar da ciyayya gindin masallaci. A lokacin nan fa lasifika ba ta hutawa da wa'azin zumunci, har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Kawu bai kwana da yunwa ba. Akwai mai tuwon sayarwa a bakin titi, ita ke aiko masa a ƙulle cikin leda. Na je wata rana na same shi yana kwance ledar, shi kaɗai a kan tabarmar da take ɗaukar mutum goma. Na ce, “Kawu, ai tuwon nan ya fi na gida laushi.” Ya ce, “Ya fi. Amma leda ba ta sallama.”

Rana ɗaya ce a wata ƙofarsa ke cika, ranar da labari ya zo cewa kuɗi sun sauka. Kafin ya dawo daga sakatariya an share masa ƙofa, masu gaisuwa sun jeru. Ya san abin da ya kawo su sarai, amma haka zai zauna yana raba goro, yana jan kowa da hira don kada su tashi da wuri. In kuwa biyan ya yi jinkiri, kamar yadda yakan yi, to jinkirin har da muryoyin mutane. Na lura ba kuɗin yake tambaya ba in wata ya yi nisa. Cewa yake, “Shiru dai, ba a ce komai ba?”

Wata ziyara da na kai masa sai ya ce, “Uwata, so nake ki kai ni wurin mutanen nan in ce su cire ni daga masu albashin.”

Na ce, “Haba Kawu! Wasu na neman a sa su ba su samu ba, kai kuma ka ce a cire ka? Igiyar ma yanzu wa ke saye, ta roba ta cika kasuwa?”

Ya ce, “Da ba ni da albashi ina da mutane. In albashin ya tafi, ai sa dawo.”

Na ƙi kai shi. Shi kuwa ya sallami ɗan acaɓan da ke zuwa ɗaukarsa, ya daina zuwa karɓa. Ya miƙe a masallaci bayan la'asar ya shaida wa jama'a cewa shi daga yau ba ya cin kuɗin gwamnati. Ya koma gida ya shimfiɗa tabarma, ya cika buta, ya zauna yana saurare.

Ba wanda ya zo. Wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Wasu suka ce mutumin da ya ƙi kuɗi ai ya tara abin da ya ishe shi. Da labari ya same ni a Dutse, ko mayafin kirki ban tsaya ɗauka ba. Na shiga gidan ƙanensa na wanke matarsa tas, ban bar komai a cikina ba. Ta tsaya da muciya a hannu ta ce, “Ke da kike birni, kin san nawa ake sayar da tiyar dawa? Yaya ne ya ƙi abin da Allah ya ba shi.” Duk da haka ta aika da tuwo a daren, a cikin wata roba, aka ajiye masa a bakin ƙofa aka juya.

Ya ci loma ɗaya ya ce, “Uwata, kin je kin yi faɗa ko?”

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, “Da fushi aka tuƙa wannan. Kada ki ƙara.”

Na roƙe shi ya biyo ni Dutse, maigidana ma ya sa baki, muka ce ga ɗaki nan a soro. Ya girgiza kai ya ce, “In na tafi, ranar da suka aiko wa za su tarar?” Na fita bayan shago na yi kuka mai isata. Daga nan abin da na iya shi ne in riƙa biyan mai tuwon bakin titi, in kuma zo duk sanda na samu hali. Kowane zuwa, in magariba ta yi, zan ga ya lallaɓa ya jawo babbar tabarmar nan ya shimfiɗa ta duka, ya zauna a gefe ɗaya ya bar sauran.

Ba yunwa ce ta kashe shi ba, kada in ɗauki alhakin kowa. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki cikin damina. Aka yi masa sutura da hantsi, jama'a ta taru sosai, kowa na faɗin kirkinsa da barkwancinsa. Maza suka zauna karɓar gaisuwa a ƙofar shagonsa, a kan tabarmarsa, don babu wadda ta kai ta girma a unguwar.

Ina cikin gida tare da mata aka kira magariba. Kamar yadda aka saba yi wa gidan rasuwa, maƙwabta suka fara aiko da abinci. Na taso na tsaya a soro ina leƙe. Kwanuka ne ke ta shigowa lungun daga kowane gida, har da na maƙwabcin nan abokin kiwonsa, ana jera su a bakin ƙofar shagon har wuri ya ƙare. Can sai na ji ta daga nesa, ƙwal-ƙwal, ƙwal-ƙwal, tsohuwar langa mai lotsattsen murfi tana tafe. Aka dire ta daidai gefen da yake zama. Ƙanensa ya ɗauki butar Kawu ya wanke hannu, ya buɗe murfin, ya dubi jama'a ya ce, “Bismillah, ku matso.”